Igiya Biyu a Jirgin Fito

Tana zaune a matakalar tashar jiragen ruwa, takarda a cinya, fensir a hannu, sai inuwar mutum ta rufe mata zanen.

"Sannu da aiki. Ga kogi, ga rumbunan kaya, ga jirgina ma. To ni fa? Shi kaɗai yake tuƙa kansa?"

Matuƙin jirgin fito ne, mai ƙetarar da mutane kullum. Ta sunkuyar da kai kamar ta shige cikin takardar.

"Ban iya zana mutane ba."

"Ko dai kunyar kallonsu kike?"

Tun ranar ya laƙaba mata Mai Fensir. Sai da aka yi wata uku ana gaisuwa kafin ta ba shi lambar wayarta.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Mai Fensir tawa, sau shida na ƙetare, sau shida na duba matakala. Lafiya?"

"Lafiya lau. Baba ne ya ji labarinmu, ya hana ni fita."

Babanta kafintan jirage ne. Ruwa ya ci ƙanensa shekarun baya saboda gangancin wani matuƙi.

"Ba zan ba ɗan ruwa 'yata ba," in ji shi. "Na san su, ni nake gyara ɓarnarsu. Ga ɗan mai kantin magani nan yana so, ƙafarsa a ƙasa take."

Kwana tara tana shirya magana, da ta gan shi sai bakin ya mutu. Rana ta goma ta lallaɓa shagonsa, ta ajiye masa zanen tashar a kan benci, ta juya.

"Zo nan, uwata."

Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a takardar.

"Jirage takwas, kowanne an ɗaure shi da igiya ɗaya. Na mutumin naki biyu ne, gaba da baya, har da tsohuwar taya a gefe kar ya gogi dutse. Ke kika ƙara don ki wanke shi?"

"Baba, abin da na gani nake zanawa."

Ta ruga gida ta kwaso sauran, kusan arba'in, kowanne da kwanan wata a ƙasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ran iska, igiya biyu. Ran da kogi ya kwanta luf, igiya biyu.

"Waɗannan tun bara ne," ta ce. "Bai ma san ina kallo ba."

Baba ya tattara takardun.

"Da wanda ya ɗauki ƙanena haka yake..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙa mata takardun. "Ki ce ya turo manyansa."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Baba ya ce ka turo."

"Alhamdulillah! Sahibata, saura kaɗan in faɗa ruwa."

"Kar ka soma. Yanzun nan fa ya yarda da kai."

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun ragu, suka durƙusa gaban Baba. Ta so ta yi masa godiya, kuka ya riga ta. Ya dafa kanta, ya kama hannun angon.

"Ga ta nan. Ba ta da yawan magana, sai ka riƙa lura. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Sai ya kau da kai yana murza ido, wai garin katako ne ya faɗa masa, alhali ko zarto bai taɓa ba ranar.