Wanda Ya Goge Fihirisa

Ranar Litinin kwamfutocin wani asibitin kuɗi a Dutse suka wayi gari da nauyi. Sunan majinyaci da ke fitowa nan take ya koma sai an yi ta jira. Layi ya kai bakin ƙofa, har wata mai naƙuda daga Kiyawa ta sha zama ana neman rukunin jininta. Likita mai asibitin ya kira Sharhabilu, wanda ya gina rumbun bayanan, ya ce ya binciko masa. In sakacin Ruwaida shugabar sashen kwamfuta ne, ta bar aiki.

Ruwaida aka ba shugabancin sashen bara, aka tsallake shi, alhali shi ya koya mata aikin. Har yau bai huce ba. Ya zauna binciken yana fatan ita ce.

Ya duba wayoyin sadarwa, lafiya lau. Ya kunna rajistar da ke kama duk neman da ya daɗe, sai ya ga kwamfutar na bin sunaye ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. Fihirisar da ke kai ta ga suna kai tsaye babu ita. Goge ta aka yi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da asusun Ruwaida na shiga kwamfuta. Asabar da Lahadi ba cunkoso, shi ya sa ba a lura ba.

Ya tambaye ta yana danne murmushi. Ta ce ranar tana Jahun wurin suna, ta nuna hotuna, ta kuma ce ta bar wa abokin aikinsu Misbahu lambar sirrinta saboda ko-ta-kwana. Rajistar ta nuna daga ɗakin babbar kwamfuta aka ba da umarnin. Masu mukullin ɗakin su biyu ne, shi da Misbahu.

A can ya sami Misbahu, ya rufe ƙofa.

"Ina kake bayan sallar Juma'a?"

"Ina gida, Malam."

"To wa ya buɗe ɗakin nan?"

Misbahu ya sunkuyar da kai. Ya ce domin Sharhabilu ya yi, kowa ya san kujerar tasa ce. "In ka yi shiru, Malam, gobe kai ne shugaba."

Sharhabilu ya zauna gaban kwamfutar. Ya mayar da fihirisar, sunaye suka dawo fitowa nan take. Sannan ya je ya faɗa wa Likita komai.

Likita ya kira Ruwaida ya ba ta haƙuri, ya ce a taron ma'aikata zai yaba mata kan yadda sashenta ya gano matsalar.

Sharhabilu ya ce to. Ya fita, ya ja ƙofar a hankali.