Allo Na Sha Uku

"Umma, sha uku ne."

Auta ce ta faɗa, tana durƙushe a tsakiyar falona cikin fasassun gilasai, kan mutum-mutumin injin da suka ƙera ita da saurayinta a buɗe bisa cinyarta. Ta sake bin 'yan allunan da ke ciki da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Sha uku..."

Na ce, "Ke, ni ba lissafi na tambaye ki ba. Tashi daga cikin gilasan nan kafin ki yanke."

Ba ta tashi ba. Ta ɗago ta dubi Dogo, saurayinta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

"Yayana, sha biyu muka sa. Shida nawa, shida naka. Wannan ɗin na waye?"

Ya kau da kai. Uwarsa ce ta amsa, tana gyara mayafi, tana kallon kabad ɗina da ya tarwatse da farantan tangaran da na yi shekaru ina tarawa.

"Ai dama na faɗa. Ga aikin mace nan kun gani. Yarinya ta zauna tana ƙona yatsu da dalma, me kuke jira ya biyo baya? Kai, wuce mu tafi."

A cikin ɗakina ta faɗi wannan magana. Gaban ƙannenta biyu, gaban 'yar ƙanwarta mai dogayen farce, gaban maƙwabciyata da ta shigo kallo. Dogo kuma ya sunkuyar da kai ya bi bayanta.

Ni ba a yi mini haka a kwana lafiya.

Ban yi makaranta ba, amma abin da aka shekara ana ginawa a kan teburin cin abincina dole in san shi. Auta tana aiki a shagon buga takardu, Dogo kuma gyaran waya yake yi a layin bayansu. Ta je sayen ƙarfen liƙin dalma, ya ce mata wanda ta zaɓa ba shi da kyau, ta ce bakinsa ne ba shi da kyau. Daga nan fa sai na fara ganinsa a gidana duk ranar hutu, da jakar wayoyi da murmushi har kunne.

Mutum-mutumin bai wuce gwiwata ba. Tayoyi huɗu, idanu biyu, ga nauyi kamar buhun siminti saboda batir. Ƙwaƙwalwarsa ce abin kallo. Ba guda ɗaya ba ce, 'yan alluna ne ƙanana, kowanne kamar kwalin ashana, an jera su an haɗa da wayoyi. Kowane allo da abin da yake lura da shi, wannan haske, wancan ƙara, wani nisan bango, kuma duk a lokaci ɗaya suke tunaninsu. Sai kowanne ya jefa ƙuri'a: a tafi ko a tsaya. Inda suka fi yawa, nan ake bi.

To ga inda soyayya ta sa su wauta. Wai don kada wani ya fi wani, sai suka raba daidai. Auta ta tsara shida da halinta, masu tsoro, ko inuwa suka gani sai su ce a tsaya. Dogo ya tsara shida da nasa halin, ko rami ne a gabansu sai su ce a tafi.

Kullum kunnen doki.

Abin zai taso da gudunsa, ya iso bakin ƙofar kicin, ya tsaya cak yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Su kuma su zube a ƙasa suna dariya.

"Zuciyata, naki ne suka sake tsorata."

"Naka ne ba su da hankali."

"Ki sassauta wa guda ɗaya mana, don Allah."

"Kai ka koya wa guda ɗaya kunya tukuna."

Sai su buɗe kwamfuta, kai da kai, su yi ta gardama har shayinsu ya huce, har su samu inda suka haɗu. Ni kuwa in ce su ɗauke mini tarkace in sa abinci, su ce "Umma minti ɗaya." Na ci abinci a cinya har na saba.

Uwar Dogo ba ta taɓa son maganar aurensu ba. Ita 'yar ƙanwarta take so ya aura, Mai Farce, wadda ko murfin kwalba ba ta buɗewa don kada farcen ya karye. Da ƙyar Dogo ya shawo kanta ta zo ta ga Auta, ta ga abin da suka gina tare. Na share gida, na goge kabad. Aka kunna abu, ya taso, ya nufi kabad ɗin, muna jiran ya tsaya yadda ya saba.

Bai tsaya ba.

Bayan tafiyarsu Auta ta shige ɗaki. Ba ta yi irin kukan da ake ji ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Wayarta ta yi ta ruri a kan tebur, ta ƙi ko kallonta.

"Autata, fito ki ci wani abu."

"Umma, ba farantan ba ne. Ba ma maganar mamarsa ba ce."

"To mene ne?"

"Ya ƙara wa kansa ƙuri'a a ɓoye. Yau allo ne... gobe fa, in muna gida ɗaya?"

Na ce, "In haka ne ki bar shi. Dogaye sun ƙare ne a duniya?"

Sai ta fashe da kukan gaske. Nan na gane ba barinsa take so ba.

Washegari da safe na yafa mayafi, na jefa allon nan na sha uku a jaka, na nufi shagonsa. Na same shi zaune gaban wata waya a buɗe, ƙarfen liƙi na ta hayaƙi a hannunsa, bai liƙa komai ba. Yana ganina ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Umma, ina kwana."

"Ban kwana ba. Riƙe gaisuwarka."

Na ajiye allon a gabansa.

"Wa ya haifi wannan?"

"Ni ne na sa, Umma."

"Na san kai ne. Kai kaɗai, ko da mai zuga?"

Ya share zufa, sannan ya faɗa. Wai ya taɓa yi wa Mai Farce ƙorafin yadda abin ke tsayawa yana karkarwa. Ana gobe za su zo sai ga ta da allo sabo a kwalinsa. Ta ce masa in abin ya tsaya a gaban Mama, Mama za ta ce tun yanzu yarinyar ta ɗaure masa ƙafa. Ya ƙara guda na yini ɗaya kawai, abu ya zagaya falo lafiya, Mama ta amince, ya cire, ba wanda ya sani.

"Kuma ka yarda."

"Tsoro na ji kada in rasa ta, Umma."

"Sai ka cuce ta don kada ka rasa ta. Kai da tsawon nan naka, hankalin bai kai sama ba ne?"

"Zan gyara kabad ɗin da hannuna."

"Za ka gyara, wannan ba alfarma ba ce. Amma ba kabad ya kawo ni ba. An ce aikin 'yata ne ya fasa mini kaya, kana tsaye, bakinka a ɗinke. Maganar nan a gaban mutane aka faɗe ta, a gaban mutanen nan za a janye ta. Ka tara mini su a falon uwarka, duk waɗanda suka ji. Ni zan zo da maƙwabciyata."

"Auta za ta zo?"

"Wannan kuma ba ni na tsara ta ba."

Ta zo. Ba ta yi kwalliya ba, ba ta kalle shi ba. Ni da maƙwabciyata muka kinkimo mutum-mutumin daga mota muna nishi, muka dire shi a bakin ƙofar falon.

Falo ne mai faɗi, kuma a can ƙarshensa akwai wani teburin gilashi mai ƙafafun zinariya, an jera masa kwalaben turare. Tun shigata na lura uwar Dogo ba ta bari kowa ya ɗora ko kofi a kansa.

Dogo ya miƙe a tsakiyar mutane. Bai rage komai ba. Ya ce shi ya ƙara allo a ɓoye, ya ce allunan Auta duk shida sun ce a tsaya, nasa ne suka rinjaye su da ƙuri'ar sata. Ya faɗi wadda ta kawo masa allon. Mai Farce ta ce ita fa taimako ta yi, sai uwarta ta ce ta rufe mata baki, Mai Farcen ta tashi ta shige ciki tana buga ƙafa.

Na dubi uwar Dogo.

"To, Hajiya, kin ji."

Ta taɓe baki. "Yaro yana rufa wa yarinya asiri ne kawai. Ɗana ba ya ɓata aiki. Ni dai abin da na gani na faɗa."

Na zaro allon daga jakata, na ce, "Madalla. Auta, mayar da allon ɗanta. Juya abin ya kalli teburin can."

"Wane tebur?" in ji Hajiya.

"Naki. Ai kin ce ɗanki ba ya ɓata aiki. Ƙuri'arsa bakwai ce yanzu, shi ke da rinjaye. Zauna ki sha kallo."

Auta ta dube ni, na ga gefen bakinta ya motsa, karon farko tun ranar. Ta cusa allon, ta bar kan a buɗe, ta danna.

Abu ya taso.

Wallahi a falon nan ya fi gudu, don tayil ne. Auta na biye da shi a gefe, a sunkuye. Ƙannen Hajiya suka ɗage ƙafafu. Hajiya ta miƙe, mayafi ya zame.

"Ke, tsayar da shi. Dogo, ka ce ta tsayar... Teburina!"

Auta ta sa yatsu biyu, waɗannan dai masu tabon dalma, ta zare allon kamar mai cire ƙaya. Abin ya ja birki, ya tsaya cak, tsakaninsa da gilashin bai fi tafin hannu ba, yana ta karkarwarsa.

Maƙwabciyata ta fara dariya, ƙannen Hajiya suka kama. Hajiya ta koma kujera ta zauna daɓas, hannu a ƙirji.

Dogo bai yi dariya ba. Ya zo ya durƙusa kusa da Auta, a gefen abin.

"Zuciyata..."

"Kada ka kira ni haka tukuna."

"To me zan kira ki?"

"Ka fara gaya mini. In mun yi aure, muka yi kunnen doki, ya za ka yi?"

"In tsaya."

"In tsayuwar ta yi tsawo fa?"

"In yi ta karkarwa a bakin ƙofa har ki zo mu buɗe kwamfuta."

Ta kau da kai don kada ya ga dariyarta, amma kowa ya gani.

"In mamarka na kallo fa?"

"Ko duk dangina na kallo."

Ta juya allon a hannunta, ta miƙa masa.

"Ka mayar wa mai shi. Ka ce mun gode, ba mu da wurin sa shi."

Ya karɓa da hannu biyu.

"Yanzu in kira ki?"

"Kira mu ji."

"Zuciyata."

"Na'am, Yayana... amma fa naka har yanzu ba su da hankali."

Na yi gyaran murya, don na ga sun manta akwai manya a wurin. Auren da aka ɗaura daga baya, da yadda suka kwashe tarkacensu na samu teburina, duk wannan nasu ne, su ba da labarinsa. Ni abin da ya kai ni gidan ban karɓa ba tukuna.

Na gyara zama na fuskanci Hajiya.

"Saura ke."

Ta kalli teburinta, ta kalli ƙannenta, ta kalli silin. Sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa kamar mai magana da cikinta, "Ba aikin yarinyar ba ne. Na janye."

Na karkato da kai, na sa hannu a bayan kunne.

"Hajiya, ki yi haƙuri, girma ya zo, kunnen nan ya yi nauyi. Me kika ce?"

Ta harare ni. Ta ɗaga murya har ta kai tsakar gida.

"Na ce ba aikin Auta ba ne ya fasa miki kaya. Aikinta ne ma ya tsare mini nawa. Na janye maganata."

Na ce, "Yawwa, yanzu na ji."

Kunnena lafiyarsa ƙalau, duka biyun.