Ƙyarana Mai Ratsin Rawaya

Wata Laraba da hantsi, a wani lungu na unguwar Soron Ɗinki, mayafin Lauratu ya sarƙe da ƙaya. Da ta waiwaya sai ta ga wani saurayi rungume da tukunya, a cikinta ƙyarana miƙe kamar taɓarya, koriya mai ratsin rawaya. Duk ya rikice, yana ba ta haƙuri yana zare mayafin a hankali, ita kuwa tana ta ɓoye dariya.

Sunansa Nata'ala, a da shi ke kula da lambun wani Bature a Nasarawa. Da Baturen zai koma ƙasarsu a 1954, sai ya bar masa wannan baƙuwar shuka.

Bayan sati biyu Goggo Kande, ƙanwar mahaifin Lauratu, ta kawo mata 'yar tukunya daga Nata'ala da takarda mai rubutun ajami:

"Laure, ga 'yar da ƙyaranata ta fitar, ban taɓa ba kowa ba. Ki ajiye ta inda rana ba ta da zafi, kada ratsin ya ƙone. Tun ranar nan ban daina tunaninki ba."

Lauratu ta ɗauki son duniya ta ɗora wa shukar. Safe da yamma sai ta ba ta ruwa.

To akwai Ado tela, wanda ya daɗe yana neman ta bai ga fuska ba. Shi ya je ya gaya wa mahaifinta, Malam Shehu, wai asiri ne, an binne laya a tukunyar. Malam ya hana Nata'ala zuwa zance. A satin nan kuma gindin shukar ya yi baƙi, ta ruɓe ta faɗi. Matan gida suka ce asirin ne ya karye.

Lauratu ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rubuta wa Nata'ala:

"Masoyina, ta mutu a hannuna, ka yafe mini. Amma don Allah gaya mini gaskiya, akwai wani abu a tukunyar?"

Kwana uku ba amsa. Ta tabbatar tambayar ta ɓata masa rai, abinci ma ya gagare ta.

A rana ta huɗu sai ga shi da baffansa, ɗauke da uwar shukar. Lauratu ta laɓe a bayan ƙofar zaure tana leƙe. Bayan gaisuwa Nata'ala ya nemi izini, ya fasa tukunyar a gaban Malam, ya karkaɗe saiwar. Yashi ne da tsakuwa kawai. Garin haka ƙyaranar ta karye biyu.

Malam ya tona yashin da sandarsa, ya tambayi abin da ya kashe waccan. Nata'ala ya ce sai ya san yadda ake ba ta ruwa.

"Safe da yamma," in ji Lauratu, ba ta san sanda maganar ta kuɓuce mata ba.

Nata'ala ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Malam, na manta ban faɗa mata ba. Sai ƙasar ta bushe ƙarau ake ba ta, sau ɗaya a sati biyu."

Malam ya dubi guntayen da ke ƙasa, ya tambaye shi tsawon lokacin da ya yi yana rainon ta. Ya ce shekara shida, tun tana kamar ɗan yatsa.

"Kuma ka karya ta saboda 'yata?"

"In yankan ya bushe a inuwa tana iya yin sabuwar saiwa. Ko ba ta yi ba, Malam, ban yi da-na-sani ba."

Malam bai yanke hukunci a ranar ba. Sai da ya bincika asalinsa da halinsa, sannan ya aika magabatansa su fito.

Bayan babbar Salla aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Malam ya dafa kanta.

"Na kusa zaluntar ki a kan maganar da ban bincika ba, Lauratu. Je ki, Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Tana kuka a cikin lulluɓi ta ce amin.