Jininta Bai Haɗu da Fure Ba

Atishawa ce ta fara yi masa sallama kafin bakinta.

Shugabar makarantarsu ce ta aiki Auta, malamar lissafi, lambun da ake sayar da dashe, ta zaɓo abin da za a jera a bakin azuzuwa. Tana sa ƙafa tsakanin layukan baƙaƙen ledojin rainon shuka, hancinta ya ce bai san zancen ba. Ta yi ta farko, ta yi ta biyu, daga nan lissafi ya ɓace wa mai koyar da shi. Idanu suka kaɗa suka yi jawur, hawaye har haɓa.

Mai lambun ya ajiye butar ban-ruwa ya tsaya yana jira. Dogon saurayi ne, wando a naɗe, hannu duk laka.

"Sannu, Malama. In kin gama gaisawa da furannin, ni ma ga ni."

Ta harare shi ta cikin hawaye. "Au, dariya ma na ba ka?"

"Wane ni! Shigo rumfa, iskar nan ce ke kaɗo miki shi."

Ya kawo mata ruwan sanyi ta wanke fuska, ya riƙa ɗago shukokin daga nesa yana nuna mata kamar mai tallan yadi. Ta zaɓi masu ganye zalla. Da ya karɓi lambarta, wai don ya ji ko dashen ya kama, ta leƙa ta ga abin da ya sa a wurin suna: Atisha.

"Goge."

"Sai kin gaya mini na gaskiyar."

Ba ta gaya masa ba, shi ma bai goge ba.

Dashen ya kama, wani abin ma ya kama. Ita ta raɗa masa Sanadi, wai shi ne sanadin ciwonta. Da ta san inda wasan zai kai su, wallahi da ta kama bakinta.

"Atishata, yau kowace shuka ta sha ruwa, saura ni. Ki ce wani abu mana," ya rubuto mata wata rana.

"Sanadina, ga famfo nan kusa da kai. Ina makin jarrabawa. Amma ka zo da yamma."

Ciwon nan ba baƙo ba ne. Tun tasowarta, duk shekara in ciyawa da bishiyoyi suka fara fure, sai atishawa, hanci na zuba, ido da maƙogwaro na ƙaiƙayi. A gida ana ce masa murar Auta, a wuce wurin. Sai dai bana ya tsananta, kuma ya faɗo daidai lokacin da Mai Lambu ya fara zuwa hira. Barandar da suke zama tana kallon wani fili da ciyawa ta cika. Yana tafiya, ita kuma ta shigo ido a kumbure.

Goggo, yayar Baba, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Auta, kuma ba abin da ke wuce ta.

"Yaron nan me yake gaya miki ne, kullum sai kin shigo da kuka?"

"Goggo, ba kuka ba ne fa."

"Ni za ki gaya wa kuka? Na san kuka tun kafin a haifi ubanki."

Gaskiyar magana, Goggo tana da nata gwanin. Ɗan wata ƙawarta ne, wanda unguwa ke kira Dokta, ba don ya taɓa ganin ƙofar makarantar likitanci ba, sai don yana tallan haɗe-haɗen ganye a waya. Kwalba ɗaya tasa tana maganin mura, basir da mantuwa. Goggo ta tsare Auta ta ɗura mata wani koren ruwa mai ɗacin bala'i. Cikinta ya yini yana ƙugi, atishawa kuwa ko gezau. Dokta ya ce ai alamar yana aiki ke nan, a ƙaro kwalba. Kai, mutane da ƙarfin hali!

Da abin ya ishe ta, ta tafi asibiti, Goggo na biye da ita kamar jela. Likitar, wata dattijuwa mai haƙuri, ta ce ba mura ba ce. Garin fure ne da iska ke ɗaukowa, galibi na ciyawa da bishiyoyi, jikinta ke ɗaukarsa a matsayin abokin gaba. Ta ce ta riƙa wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, ta shafa ɗan baslin a bakin hanci, ta sa tabarau in za ta fita, in ta dawo ta yi wanka ta canza kaya, ta daina shanya a waje, ta rufe taga safe da yamma. Shayin citta da zuma zai lallashi maƙogwaro, amma kada a ce mata yana warkarwa. Ga kuma ƙwaya don ranar da abin ya yi tsanani.

Goggo ta gyara zama. "Wato dai, likita, jininta bai haɗu da fure ba?"

Likitar ta yi murmushi. "To, za ki iya cewa haka."

Shi ke nan fa. Kafin maganar ta isa shagon kafintancin Baba da ke ƙofar gida, ta yi reshe. Auta tana tsaye, da kunnenta ta ji Goggo na cewa, "Likita ta ce jininta bai haɗu da na mai furen ba."

Baba ya ajiye zarto. Fuskarsa ta sauya.

Duk gidan an san abin da kalmar jini take nufi a wurinsa. Ɗansa na fari, yayan Auta, sikila ce ta yi ta cinsa har ta ɗauke shi yana ɗan makaranta. Baba ne ke goya shi zuwa asibiti, yaron na kukan ƙashi a bayansa. Tun daga nan ya rantse ba zai ga jikansa a wannan hali ba.

"Baba, ba haka ta ce ba! Fure ta ce, fure na ciyawa!"

"Auta," ya ce a hankali, "so ne ya rufe miki ido. Na binne ɗaya. Ki gaya wa yaron nan ya yi haƙuri."

Ta yi bayani har muryarta ta dishe. Baba ya ɗauki zartonsa. A ganinsa yarinya ce ke kare saurayinta, ita kuwa babbar yayarsa me zai sa ta yi masa ƙarya? Bai tsaya nan ba, ya je da kansa ya sami Mai Lambu.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Atishata, Baba ya zo. Ya ce likita ta hana, kuma tun da na shigo rayuwarki ba ki da lafiya. Ke ma da bakinki kike ce mini Sanadi. Ba zan zama ciwonki ba. Na haƙura. Allah Ya ba ki wanda ya fi ni."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ba kuka ne ya zo mata ba, wani irin takaici ne. Har da shi? Goggo ta yanke hukunci, Baba ya yanke, Dokta na can yana haɗa kwalabe, yanzu shi ma ya yanke nasa. Hanci nata, ido nata, zuciya tata, amma ba wanda ya ga ta isa a tambaye ta!

Ta rubuta masa: "Sannu da haƙuri. Allah Ya ba da lada." Ta kifa wayar.

Makonni suka wuce, Mai Lambu bai ko gifta layinsu ba, atishawa kuwa na nan daram. Sai labari ya sake. A da an ce shi ke sa ta kuka, yanzu an ce kukan rashinsa take yi. Dokta ya samu ƙofa, yana zuwa da turarensa mai hawa kai, ya zauna a baranda yana bayanin saiwoyi.

Auta ta yi masa biris, ta kama abin da likita ta ce. Ruwan gishiri safe da yamma, baslin, tabarau. Ta ɗaure igiyar shanya a ɗakinta, Goggo na mitar an mayar mata da gida shagon wanki. Sannu a hankali ido ya sace, barci ya dawo, har takan gama darasi ba ta nemi hankici ba. Ranar da Goggo ta ce, "Kin gani ko, maganin Dokta ya fara aiki," Auta ta ɗebo kwalaben nan daga ƙarƙashin gado, ko buɗe su ba a yi ba, ta jera mata a gabanta, ta ɗauki jakarta ta fice.

Lambun ta nufa. Ta tarar an kwashe rabin furannin, sauran kuma ana loda su a mota. Mai Lambu ya rame, yana tsaye kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Me kake yi haka?"

Ya juyo a firgice. "Atisha... Malama. Rabar da su nake. Na daina son ganinsu."

"Ka sauke su."

"Ki fita daga nan, za su tayar miki da..."

"Na ce ka sauke su!" Ta cire tabarau. "Dube ni da kyau. Ka ɓace, ciwon bai ɓace ba. Ciyawar bayan gidanmu ce, ba kai ba. Kai da nake ganin ka fi kowa hankali, aka kawo maka magana a kaina, ka kasa ɗaga waya ka ce, Auta, gaskiya ne? Sai wani na haƙura. Wa ya aike ka haƙuri? Ni ka gani na haƙura?"

Atishawa ta katse ta. Ta goge hanci ta ci gaba, ko a jikinta.

"Sunan wasa na sa maka, ka ɗauka ka rataya a wuya kamar takardar kotu!"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi laifi. Tsoro na ji, Atishata. Na gwammace in rasa ki da in cuce ki."

"To ba kai kaɗai ke da zaɓi ba." Muryarta ta yi laushi ba da sonta ba. "Wanke hannunka. Wurin Baba za mu."

A shago suka same shi yana goge ƙafar kujera. Auta ta durƙusa, amma kanta a ɗage.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Amma maganar jini da aka kawo maka, ko allura ba a tsira mini ba. Shi kuwa likitar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ina ta san jininsa?"

Baba ya tsaya cak. Wannan tambayar ba ta taɓa zo masa ba.

"In don Yaya ne, ni ma ban manta da shi ba. Mu je a yi gwajin na gaskiya, kai da kanka, ba aike ba. In bai haɗu ba, wallahi da bakina zan sallame shi."

Ta san abin da ta sa a faifai. Ƙanwar mai sikila ce ita, komai na iya fitowa. Mai Lambu ya dube ta, ya ce, "Na yarda, Baba."

Ranar karɓar sakamako, a kan bencin asibiti, su ukun ba mai iya kallon wani. Likitar ta kira su ciki. Ta ce Auta tana ɗauke da rabin ƙwayar sikilar, amma shi ba ya ɗauke da komai, don haka 'ya'yansu ba za su yi ciwon ba. Baba ya sa ta maimaita. Sannan ya tambaye ta zancen jini da fure. Da ta gane yadda aka juya maganarta, sai da ta dafe kai.

Da suka fito, Baba ya yi gaba. A bakin ƙofar asibitin ya tsaya.

"Auta, kina son yaron nan?"

"Sai yau, Baba?" Idonta ya ciko, wannan karon na gaske. "Ina son shi."

"Ki yafe mini, uwata."

Goggo ta ce ita dai abin da kunnenta ya ji ta faɗa, kuma ai fure da mai fure duk tafiyarsu ɗaya. Auta ta yi kwanaki ba ta ce mata komai bayan gaisuwa. Dokta kuwa ya turo yaro a karɓo masa kwalabensa.

Suka sa bikin bayan ciyawa ta gama fure. Ana gobe ɗaurin aure Mai Lambu ya rubuto: "Amaryata, na samo gidan da tagarsa ba ta kallon fili, na ɗaure miki igiyar shanya a ciki. Kayan aikina kuma a lambu za su riƙa kwana. Akwai saura?"

"Saura ka zo da wuri," ta mayar masa.

Bayan an ɗaura, jama'a sun ragu, Baba ya kira su falo. Goggo na gefe tana sharar hawaye tana sa albarka da ƙarfi, don kowa ya ji. Baba ya kama hannun ango ya riƙe da hannayensa biyu masu kanta.

"Ga ta nan, ɗana. Faɗa gare ta, amma ba ta ƙarya. Na kusa raba ta da farin cikinta saboda na ji daga bakin kowa ban da nata. Duk ranar da ka ga idonta ya yi ja, kada ka yi irin tawa. Ka tambaye ta."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya masu lafiya, in goya su don wasa kawai."

Auta ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta, ta ce amin.