Linzamin Kakan Levente

Kan Levente ne ya fara haɗuwa da ƙofar bargar. Kafin ya miƙe, Kolbeinn ya sake cakumo wuyan rigarsa ya zuba masa naushi a baki.

"Kolbeinn, kashe shi za ka yi?!" Brynja ta ƙwalla ƙara tana riƙo hannun yayanta. Ya wancakalar da ita gefe.

"Dawaki goma sha ɗaya! Kina jin tarinsu? Duk aikin wannan ɗan iskan ne da muka ba ɗaki muka ba abinci!"

Wata biyar ke nan da Levente ya zo daga Hungary a musayar ɗalibai, aka sauke shi a gonar su Brynja da ke yankin Skagafjordur. Brynja ce ta koya masa harshensu, ta koya masa cin busasshen kifi da man shanu, har da babbakakken kan ragon da ya rantse ba zai taɓa ba. Garin koyarwa kuwa malama ta faɗa tsundum cikin sonsa.

Ko ƙaramin yaro a ƙasar nan ya san ba a shigo da kayan dokin da aka yi amfani da su a waje, don dawakin ƙasar ba su san cutar ƙetare ba. Shi bawan Allah bai sani ba. Ya zo da linzamin marigayi kakansa cikin jaka, ranar da ya ce yana son ta ya damƙa mata. Ita ta sani sarai. Amma so hana ganin laifi, ta sa wa goɗiyarta sau ɗaya tak. Daga nan tari ya bazu a bargar.

Mahaifinsu, Hallur, wanda suke kira Pabbi, ya shigo riƙe da linzamin, idonsa jajir.

"Wa ya sa wa goɗiyar wannan?"

Levente ya tofar da jini. "Ni ne. Brynja ba ta ma san da shi ba."

Kolbeinn ya rarumo shebur ya ɗaga. Brynja ba ta san lokacin da ta faɗa kan Levente ba, shebur ɗin ya sauka a kafaɗarta, ta ji ƙashin ya ce ƙas!

"Ni ce, Pabbi! Ƙarya yake... ni na sa mata da hannuna, kuma na san doka!"

Shebur ya suɓuce daga hannun Kolbeinn. 

Hallur ya daɗe yana kallon 'yarsa, wadda ya ɗora kan doki tun kafin ta iya tafiya.

"Kolbeinn, kai su asibiti," ya ce a hankali. "Ke kuma, aje min makullin barga."

"Pabbi, goɗiyata ba ta cin abinci sai daga hannuna..."

"Aje shi, Brynja."

Ta aje.

A kujerar bayan mota Levente ya riƙe yatsunta, leɓensa a kumbure.

"Masoyiyata, me ya sa kika faɗa? Ai ni tafiya zan yi, ke kuwa nan ne gidanki."

"Yi min shiru," ta ce cikin kuka. "Kana tsammanin zan iya zama a gidan da na saya da jininka?"

Motar ta bi ta gefen bargar. Goɗiyar ta miƙo kai ta taga tana haniniya a shaƙe, Brynja ta kifa fuskarta a ƙirjinsa don kada ta gani.