Wanda Muke Kira Baba

"Wa ya ce ka gayyace shi?"

Dogo ya tsaya da takalman tsallensa a hannu yana kallona, baki sake. Muna bakin filin atisaye, sauran 'yan wasa sun watse.

"Haba Barewata... Baba ne fa! Mahaifinki ya rasu, wa zai zauna a mazaunin uba ranar aurenmu in ba shi ba?"

Baba. Haka duk muke kiran kocinmu, har Ummata da ta girme shi. Shi ya tsinto ni ina tseren makaranta ƙafa ba takalmi, ya kai ni har inda ake ɗaga tutar ƙasa saboda ni. Shi ne kuma, ranar da cinyata ta riƙe a sansanin horo, ya sallami mai tausa, ya ce da kansa zai duba, ya murɗa makullin ƙofa. Na ce a'a, na sake cewa a'a. Bai fasa ba.

Umma kaɗai na faɗa wa. Ta sha kuka, sannan ta share fuska ta ce, "Rufa mana asiri, 'yar nan. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Wa zai yarda da ke a kan Baba? In yaron nan ya ji ya fasa auren fa?"

Tun ranar nake haɗiyar maganar, ina gaida mutumin kowace safiya. Wallahi na gaji!

"Ni dai na kasa gane miki," in ji Dogo. "Da an ambace shi sai ki haɗe rai. Mutumin da ya yi miki komai!"

"Komai kuwa! Har da abin da ba ka sani ba."

Na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba, idona a kan ciyawa. Jira nake ya ja da baya.

Sai ya yi jifa da takalman, ya nufi ofishin koci yana huci.

"Dawo nan!" na daka masa tsawa. "Kai ma? Umma ta ce in yi shiru, kai za ka je ka fasa masa baki a kama ka, gobe labari ya koma na Dogo ɗan dambe. Ni fa? Ni aka yi wa!"

Ya ja birki. Ya dawo a hankali, ya durƙusa gabana da duk tsawonsa, idanunsa jajir.

"Yafe min, masoyiyata... Me kike so a yi?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Nan hawayen suka ɓalle, har haushin kaina na ji.

"Hukumar wasanni zan je, in faɗa da bakina. Akwai sabuwar 'yar tsere da ya fara cewa zai duba wa gwiwa."

"Za su iya cire ki daga tawaga."

"Na sani. Auren fa... yana nan?"

"Ji wata tambaya! Ina zai je?"

Washegari ya zo gida ɗaukata. Umma ta tare mu a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Ta faɗa maka? Duka?"

"Duka, Umma."

"Kuma ka dawo?"

"Ga ni."

Ta daɗe tana kallonsa, ta juyo kaina. Na shirya wa wani dogon wa'azin haƙuri, har na fara jan numfashi.

Sai ta shige ɗaki. Muna jiyo ta tana birkice kaya tana mita. Can ta fito da mayafi a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"To me kuka tsaya kallo? Ku wuce mu je. In ma ƙaryata 'yata za su yi, su ƙaryata ta ina tsaye."