Koriyar Takarda a Jikin Tukunya

Wata biyar ke nan Baba Mai Gyara yana ɗauke da wata magana da ya kasa furtawa, kuma ya sani sarai cewa shirunsa ne yake cin naman wata marainiya. Aikinsa gyaran na'urorin asibiti. Shi aka kira ranar da tukunyar da ke turara kayan aiki ta lalace a wani ƙaramin asibitin haƙori, ya buɗe ta ya ga ƙarfen da ke kawo zafi ya ƙone rabi. Tana huci, tana fitar da tururi, amma zafinta ba ya kai inda zai kashe ƙwayar cuta. Likitan ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce, "Haba Baba, shekara ashirin muna tare! Na yi wa mutane alkawari. Manna mata takardarka, idan sabon ƙarfe ya zo sai ka saka." Baba ya manna koriyar takardar shaidar lafiya, ya sa hannu... ƙarfen kuwa ba a taɓa aikawa a sayo shi ba.

Wadda ke wanke kayan aikin ta zuba a tukunyar ita ce 'yar ƙanwar likitan, yarinya mai shekara goma sha tara da kowa ke kira Auta. Haɗarin motar da ya kashe iyayenta shi ya zubar mata da haƙoran gaba biyu. Kawun ya ɗauke ta, ya dasa mata sababbi a kan ƙusoshin ƙarfe da ya ɗaura cikin ƙashin muƙamuƙinta, ya sa aka ɗauki hotonta tana murmushi aka kafa a allon ƙofar asibiti. Mako uku bayan gyaran tukunyar aka yi mata wannan aiki, da kayan da suka fito daga cikinta.

Dasashin bai warke ba. Ya kumbura, ya yi jawur, sannan ya soma tsattsafo da mugunya. Haƙoran suka fara girgiɗi, zugi yana tashi daga leɓenta ya bi ta hanci ya soki idonta. Duk sa'ad da Baba ya zo duba kujerar aiki, sai ya tarar da ita a bakin famfo, takunkumi a fuska, tana wanki tana hawaye.

"Baba, sannu da zuwa," take cewa da ƙyar. "Don Allah, haka dashen haƙori yake yi? Ji nake kamar ana juya wuƙa a cikin ƙashina."

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sawwaƙe, 'yata," ya tattara jakarsa. Ɗaurin gidan yari yake hangowa, da furfurarsa a gaban alƙali, da jikokinsa suna jin abin da kakansu ya aikata.

Matar kawun, wadda ke zaune a teburin karɓar baƙi, ba ta raga mata ko kaɗan. "Ke gimbiya! Rufe mana wannan bakin, kada ki kore mana mutane da wari! An ba ki haƙoran da ko uwarki ba ta taɓa gani ba, ƙazantarki ta ruɓar da su. Da ma akuya aka dasa wa, da ta yi godiya!" Aka hana ta cire takunkumi, aka hana ta zuwa wani asibiti, aka riƙa ɗura mata maganin kashe zafi har cikinta ya ƙi karɓar abinci.

Daga nan masifa ta buɗe ƙofa. Mutum huɗu da aka yi wa dashe suka dawo da kumburarrun fuskoki, ɗaya daga cikinsu, wani tsohon direba, aka kwantar da shi da zazzaɓi mai zafi. 'Ya'yansa suka kai ƙara, hukumar lafiya ta turo mai bincike, wata mace mai tabarau wadda ba ta yawan magana. Aka aika wa Baba ya zo ya tabbatar da sa hannunsa.

Ya shigo da hantsi ya tarar an tsayar da Auta a tsakiyar ɗakin aiki kamar ɓarauniya. Likitan yana share ido da hankici yana cewa, "Ranki ya daɗe, jinina ce, amma gaskiya ta fi jini. Tukunyata lafiyarta ƙalau, ga shaida a jikinta. Yarinyar ce ba ta turara kayan, kuma da wannan ruɓaɓɓen bakin nata take numfashi a kansu." Ya tura mata wata takarda. "Sa hannu ki amsa laifinki, Auta. Idan kin ƙi, ba ki da gida daga yau."

"Kawu, wallahi ina turarawa! Ban taɓa tsallake ko almakashi ɗaya ba... Ya Allah, kai ne shaidata, ba ni da kowa sai kai!"

Ta ɗauki biro za ta sa hannu. A daidai lokacin tari ya sarƙe ta, ta dafe baki, farin takunkumin ya rine da jini, wani abu ya faɗo ƙasa ya yi ƙara, ya gangaro har gaban takalmin Baba. Haƙori ne, da ƙusarsa a jiki.

Mai binciken ta juyo wurin Baba. "Malam, wannan sa hannunka ne a jikin tukunya?"

Likitan ya kafe shi da ido. Baba ya dubi haƙorin, ya ji kamar ƙasa tana tsagewa a ƙarƙashinsa.

"Nawa ne," ya ce. "Kuma ƙarya na shaida. Tukunyar nan ba ta kai zafi tun wata biyar. Ni na sani, shi ya sani... yarinyar nan kaɗai ce ba ta sani ba."

"Tsufa ne ya taɓa masa kai!" likitan ya daka tsawa.

Mai binciken ta ciro wani siririn ƙyallen gwaji mai sauya launi idan zafi ya cika, ta saka a tukunyar, ta kunna. Suka tsaya minti arba'in babu mai motsi, sai hucin tururi da shesshekar Auta. Da aka buɗe, ƙyallen ya fito fari fat yadda ya shiga.

A ranar aka garƙame asibitin, aka tafi da likitan a mota, matarsa tana bin motar tana kururuwa babu mai kallonta. Baba ma an karɓe lasisinsa, aka ba shi ranar bayyana gaban kwamiti. A babban asibiti likitoci suka kankare ruɓaɓɓen ƙashin Auta, suka ce da an ƙara mako biyu da cutar ta shiga jininta. Mai binciken ta rubuta da hannunta cewa yarinyar ba ta da laifi, 'yar tsohon direban kuma, da mahaifinta ya farfaɗo, ta ce Auta ta dawo gidansu da zama.

Kwana uku Baba yana kaiwa ƙofar ɗakin jinya yana juyawa. A na huɗu ya shiga. Tana kwance, fuskarta naɗe da bandeji, idanunta kaɗai ke waje. Ya cire hularsa, ya durƙusa a gefen gadon, gwiwoyinsa suna ƙara.

"'Yata, kin tambaye ni ko haka dashen haƙori yake yi. Ba haka yake yi ba. Ni na ja miki... Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye yana jiƙa bandejin. Sannan ta miƙa hannu a hankali, ta jawo kujerar da ke kusa, ta nuna masa ya tashi ya zauna.